Bokitin Gwaggo

A wani babban asibitin gwamnati an yi wani jami'in kula da lafiya da kariyar ma'aikata, wanda kowa ke kira Oga Lafiya-Lau. Aikinsa shi ne ya zagaya ya tabbatar babu abin da zai cutar da masu aiki a wurin. Shi zai duba tukwanen kashe gobara, da akwatunan zuba allurai, da ƙofofin gudu, da famfunan wanke ido. Kowane abu akwai kati rataye a jikinsa, inda zai rubuta kwanan wata da abin da ya gani, ya sa hannu. Shi kuwa Oga abu ɗaya yake gani duk inda ya je: lafiya lau. Daga nan sunan ya samo asali.

Mutum ne mai ilimi, wannan ba a ƙwace masa ba. Matsalarsa biyu ce, son jiki da son girma. Yana da farar hular kwano wadda yake gogewa kullum, har ana cewa ƙuda in ya sauka a kanta sai santsi ya kwashe shi. Yana da kujera mai juyawa wadda ta saba da shi, har masinjoji suna rantsuwa cewa ranar da bai zo aiki ba ita kaɗai take juyawa tana nemansa. Sa hannunsa kuwa dogo ne mai lanƙwasa uku da jela, in ya fara shi sai shayinsa ya huce kafin ya kai ƙarshe.

Can ƙarshen ginin, bayan an wuce ɗakin wanki da wani dogon lungu, akwai ɗan ƙaramin sito inda ake ajiye jarkokin sinadarin wanke zannuwan marasa lafiya. Sinadari ne mai ƙarfi, in ya ɗiga a hannu sai ya ci fata. A nan ake tsiyaya shi daga jarka zuwa ƙananan robobi. Babu wani ruwa a siton sai famfon wanke ido guda ɗaya, mai baki biyu da ke fesa ruwa sama. Dokar aiki ta ce kowane mako jami'i ya zo ya danna shi, ya ga ruwa ya fito da idonsa, sannan ya sa hannu.

Shugabar masu wanki kuwa gwaggon Oga ce, yayar mahaifinsa. Ita ta riƙe shi tun yana shekara shida, da wankin asibitin nan ta kai shi makaranta har ya zama abin da ya zama. Ba ta iya karatu ba, amma ta san sa hannunsa ko daga nesa. Ba ta kiransa Oga. Da ta hango farar hula sai ta ɗaga murya:

"Na-Gwaggo! Zo nan in gan ka. Kun gan shi nan? Da da hannuna nake share masa majina, yau ga shi da hular turawa."

Sai matan wanki su kwashe da dariya, shi kuma ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Saboda haka ya tsani zuwa ƙarshen ginin nan. Ya zauna a kujerarsa ya juya hagu, ya juya dama, har dabara ta faɗo masa. Maimakon ya je duk mako, sai ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata uku, lokacin da mata suka tafi cin abinci. Ya zo da biro uku a aljihu, shuɗi da baƙi da wani mai dishi-dishi, ya cike layi goma sha biyu a tsaye ɗaya, yana sauya biro don kada a gane rana ɗaya aka yi su. Ya naɗe ƙasan katin ya cusa cikin ledarsa, yadda kwanakin da ba su zo ba ba za su fito fili ba. Famfon kuwa ko taɓa shi ba ya yi, kada ruwa ya fallatsar masa a takalmi.

Tun kafin a kafa famfon nan, Gwaggo tana da wani jan bokiti da take cikawa da ruwa mai tsabta kowace safiya, ta ajiye bakin ƙofar siton da moɗa a ciki. Shekara ashirin da wani abu tana haka. Duk wadda sinadari ya fallatsar wa, nan take za a kwara mata. Ranar da ake jiran baƙi masu duba asibiti, Oga ya sauko dole, ya ga bokitin, ya ɓata fuska.

"Gwaggo, wannan bokitin na mene ne?"

"Na ido ne, ɗan nan. Ko da tsautsayi."

"Babu bokiti a littafin dokoki. Wani zai yi tuntuɓe da shi, sauro zai haihu a ciki. Ga famfo na zamani an kafa muku. Ba ki ga hannuna a kati ba?"

Gwaggo ta dubi katin, ta shafa shi da yatsa, ta yi murmushi. "Na gani. Tunda kai ka duba, ai shi ke nan."

Mai guga, wata doguwar mata da suka daɗe suna aiki tare, ta ce, "Gwaggo, a bar shi mana a bayan ƙofa, me zai ci?"

"A'a. Ɗana ya yi karatun abin nan. Ke kin fi shi sani ne?"

Oga ya zubar da ruwan, ya sa aka kai bokitin ofishinsa. Nan ya zama kwandon zuba takardu.

Bayan wani lokaci bututu ya fara yoyo a lungun siton. Mai gyaran famfo ya zo ya rufe layin ruwan gaba ɗaya kafin a samo sabon bututu, ya rubuta takarda ya kai ofishin Oga da kansa. Oga yana waya a lokacin. Ya karɓa da hagu, ya ɗora kofin shayinsa a kai, daga baya da ta jiƙe ya dunƙule ta ya jefa cikin jan bokiti.

Wata Laraba da hantsi, Oga yana ɗakin taro yana yi wa sababbin nas-nas lacca. Ya sha hularsa, yana takawa ɗaiɗai.

"In sinadari ya shiga ido," in ji shi, "daƙiƙa goma kuke da su ku kai mutum ga ruwa. Goma! Sannan minti goma sha biyar ana kwarara ba tsayawa. Ido ba ya jiran kowa. Ku rubuta."

Suna cikin rubutawa aka banko ƙofa. Wata mai shara ce, tana haki.

"Oga! Gwaggo ce! Jarka ta suɓuce, sinadari ya watsu mata a fuska!"

Ya fita da gudu, nas-nas na biye da shi, har da shugabarsu. Rabon da ya yi gudu irin wannan tun yana firamare. Da suka isa, Gwaggo na durƙushe gaban famfon, ta kifa fuska a kan bakinsa biyu, tana ta salati. Mai guga na ta danna mariƙin da ƙarfinta. Ba ko ɗigo.

"Ku ƙara dannawa," Gwaggo ke cewa cikin kuka, "zai kawo. Ɗana ya duba shi."

Mai guga ta ce tun ɗazu take son ta ɗauke ta zuwa ɗakin wanki, ta ƙi tashi.

"Ku matsa, ba ku iya ba ne!" in ji Oga. Ya danna. Famfon ya yi tari kamar tsoho, ya tofo jar tsatsa kamar cikin cokali ɗaya, da mataccen kyankyaso guda. Daga nan ya yi shiru.

Mai gyaran famfo ya kutso cikin mutane da sifana a hannu. "Oga, ai layin nan a rufe yake wata biyu ke nan! Na kai maka takarda hannu da hannu!"

Mai guga ba ta ƙara jiran kowa ba. Ta sunkuya ta goya Gwaggo, ta bi dogon lungun nan da gudu har famfon ɗakin wanki. Kafin ruwan farko ya taɓa idon Gwaggo, daƙiƙa goman Oga sun wuce sau talatin ko fiye.

Shugabar nas-nas ta tsaya a siton. Ta zare katin daga ledarsa, ta warware inda aka naɗe, ta gyara tabarau. Ta karanta da ƙarfi a gaban sababbin nas-nas, da masu shara, da mai gyaran famfo:

"Makon jiya, lafiya lau. Yau, lafiya lau. Mako mai zuwa, lafiya lau. Ashirin ga watan gobe, lafiya lau." Ta ɗago ta dube shi. "Ikon Allah. Oga, ashe har watan gobe ka je ka duba ka dawo? Ya ka baro mutanen can?"

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ji hular nan ta yi masa nauyi kamar turmi. Ya cire ta, ya rasa inda zai sa ta, ya riƙe ta a ƙirji.

Likitar ido ta yi iya ƙoƙarinta. Bayan kwana huɗu ta kira shi gefe ta ce idon dama zai tsira, na hagu ya tafi. Ta ƙara da cewa da an samu ko moɗa biyu na ruwa a minti na farko, da wata maganar ake yi. Hukumar asibiti ta dakatar da shi, ta bi sauran katunansa ɗaya bayan ɗaya. An samu tukunyar kashe gobara da babu komai a cikinta sai iska, da ƙofar gudu da aka jibge tsofaffin gadaje a bayanta. Duk lafiya lau.

Amma ba hukuma yake tsoro ba. Kwana huɗu yana zuwa bakin ɗakin da aka kwantar da Gwaggo, ya leƙa, ya koma. A rana ta biyar mai guga ta kama shi a nan.

"Shiga mana. Kullum sai ta tambaye ka. Ba wanda ya iya gaya mata komai, mun bar maka kayanka."

Ya shiga. Gwaggo na kwance, an naɗe idon hagu da bandeji, na dama a kumbure. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Na-Gwaggo, kai ne? Ka ci abinci kuwa? Na ji an ce suna ta yi maka tambayoyi. Na aika a gaya wa babban likita ba laifinka ba ne. Famfo ai kayan ƙarfe ne, da safiyar nan ya lalace. Na ce ɗana yana dubawa, na ga hannunsa da idona."

Ga hanyar tsira ta buɗe masa, fili fetal. In ya yi shiru, Gwaggo za ta mutu tana ganinsa da haske. Amma sai ya ji maganar ta fito da kanta.

"Gwaggo, ban taɓa duba shi ba. Ko sau ɗaya. Rubutu kawai nake yi. An kawo mini takarda cewa an rufe ruwan, ban karanta ba."



"To me ya hana ka zuwa?" ta tambaya a hankali. "Nisa ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunya nake ji. Yadda kike kirana a gaban mutane."

"Af," in ji Gwaggo. "Ashe ni ce." Ta ja numfashi. "Ka san kullum in zan shiga siton nan sai na shafa katin nan? Ban san me aka rubuta ba. Hannunka kawai na sani." Ta ɗan juya a kan gado. "Ina bokitina?"

"Yana ofishina."

"Ka mayar musu. Akwai sauran idanu a wurin."

A ranar ya je ya juye takardun da ke ciki, har da wata dunƙulalliya mai tabon shayi. Ya wanke bokitin da sabulu, ya cika shi da ruwa, ya ɗauko da hannunsa ba hula a kansa. Ya wuce ta gaban ɗakin taro, ta gaban masinjoji, ta gaban nas-nas ɗin da ya yi wa lacca, ruwa na fallatsar masa a takalmi. Ba wanda ya ce masa sannu, ba wanda ya ce ya kawo a taya shi. Ya ajiye shi a bakin ƙofar siton, ya sa moɗa a ciki.

Gwaggo ba ta koma aiki ba. Ya ɗauke ta zuwa gidansa, ya ba ta ɗaki mafi haske. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai kowace safiya in ya shigo gaishe ta, ƙofar ɗakin a hagunta take, sai ta juyo da kai tana lalube, ta ce:

"Wane ne? Na-Gwaggo? Zagayo ta nan, ɗan nan. Ta ɓangaren nan ba na ganinka."

Shi kuma ya zagaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar duba wani abu, to ya duba da idonsa kafin ya sa hannunsa. Sa hannu alkawari ne ga mutanen da ba za su iya bincikawa da kansu ba, kuma wanda ya fi yarda da kai shi ƙaryarka za ta fara cutarwa. Kada son jiki ya sa ka rubuta abin da ba ka gani ba, kada ka raina dabarar waɗanda suka riga ka a wurin aiki, kuma kada girman ofis ya sa ka ji kunyar wanda ya raine ka. Kunyar minti biyar da Oga ya guje wa a gaban matan wanki, ita ce ta dawo masa kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa.