Abin da Malam Kailani Ke Rufewa da Hula

Akwai wani mai buga takardu a Tudun Wadar Zariya, ana ce masa Malam Kailani. Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Amma marowaci ne, kuma rowar tasa ta sani ce.

Kwamfuta biyu ce a shagon, ɗaya tasa, ɗaya ta Saratu, matar da ta koyi bugu bayan ta aurar da 'yarta Bahijja. Hannunta ya fi nasa sauri. Abu ɗaya ya gagare ta: 'yar da'irar nan da ake ɗorawa a saman lamba idan ana rubuta ma'aunin zafi, kamar 37°C. Babu ita a fuskar kibod.

Kailani ya san hanyarta. Amma duk sa'ad da zai buga ta, sai ya cire hula ya kifa a kan hannunsa na dama.

"Malam, don Allah nuna min mana."

"Maman Bahijja, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ki ci gaba da bironki."

Da biron kuwa take zana ta bayan takarda ta fito, har shekara shida. Shi ya sa duk aikin kimiyya teburinsa yake zuwa. Mafi tsoka a ciki shi ne tambayoyin jarrabawar da Malama Keziya, mai koyar da fiziks a wata sakandare, ke kawowa duk zango.

Wata Laraba acaɓa ya kayar da shi a Tudun Jukun, hannun dama ya karye. Ga takardun Keziya a ajiye.

"Sannu da jiki, Malam," in ji Keziya da ta zo. "Amma Juma'a nake so. In ba hali, akwai masu bugu a Gyallesu, kuma in na koma can na koma ke nan."

Saratu ba ta jira an roƙe ta ba. Yini ɗaya ta buge komai, ta bar gurabe ɗari da arba'in inda da'irar za ta zauna.

Kunya ba ta kama Kailani ba. Sai ya aike ta sayen takarda don ya cike su a ɓoye. Ya manta dabarar hannu biyu take so. Ya danna da gwiwar hannu, kwamfuta ta buɗe abin da ba a tambaye ta ba. Ya ɗora kwaɗon shago a kan maɓalli, ya zame. Da ta dawo, gurbi bakwai ya cike, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya kira Saratu, ya yi ƙasa da murya.

"Danne Alt da hagu. Buga sifili, ɗaya, bakwai, shida a lambobin gefen dama. Saki."

Da'ira ta fito.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Malam, a kan wannan sanƙonka ke shan iskar fanka shekara shida?"

Ta shiga cikewa. Can ya ga ta wuce 300 K, wanda shi ma ma'aunin zafi ne, ba ta sa komai ba.

"Kin yi tsallake."

"Ban yi ba. C da F ke ɗaukar da'ira, K ba ya ɗauka. Na tambayi Malama. Ta ce sau biyu tana gaya maka, kana cewa ka fi ta daɗewa a kan kibod. Duk zango sai ta sa ɗalibai su kashe taka da biro."

Ranar Juma'a Keziya ta duba shafi-shafi, ba ta sami abin kashewa ba.

"Wa ya buga wannan?"

Kailani ya nuna Saratu da hannun da ya rage masa.

"To daga yau teburinta zan riƙa ajiyewa."

Saratu ta samo kwali, ta rubuta lambobin nan huɗu da manyan baƙi, ta manna a bango inda duk mai shigowa zai gani.

Darasi: Sanin da ka rufe da hula ba ya ƙaruwa, kuma kuskurenka ma a ƙarƙashinta yake kwana. Wanda ka hana yau, hannunsa za ka ara gobe. Ku tura wa duk wanda ke juya wa abokin aiki baya in zai danna maɓalli, ya san kansa.