Kumbo da Ƙyastun Baƙo

A zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwar Tungar Dashe take a yau, an yi wata makiyayiya mai suna Kumbo. Ita da mijinta Gidado ne suka fara kafa ruga a wannan fadama. Suka kewaye wani babban fili da ƙaya, suka mai da shi huruminsu, ba a barin dabba ta taka shi tun daga saukar damina har tsakiyar rani. Ciyawar gamba ce a ciki, doguwa har tana ɓoye mahayin raƙumi, kuma da ita shanunsu ɗari uku ke rayuwa a watannin da daji ke bushewa. Makiyaya kan yi mata kirari su ce: Kumbo uwar farare, mai dogon tuni, wadda ba ta faɗin magana sau biyu.

Wata rana da hantsi wani maharbi ya yi sallama a bakin shingen. Sunansa Ranau, wanda ake wa kirari da kibiya ɗaya tukunya goma. Ya ce kwana uku yana bin sawun wani gwanki, ga shi ya shige cikin gambarsu.

Kumbo ta shimfiɗa masa buzu, ta dama masa fura da kindirmo.

"Sha, Kaɗo," in ji ta, "ka ji abin da ba ku da shi a gari."

"Inna, in haka kuke sha kullum, me ya hana ku ƙiba?"

Gidado ya yi dariya. Kumbo ta jira baƙon ya ajiye ƙwarya, sannan ta ce, "Hurumin nan namu ne, mun kuma ba ka izini. Harbi abin da ka gani, sha daga rijiyarmu, yi kwanakin da ka so. Amma na san al'adarku: in nama ya ɓuya, wuta kuke sa wa daji don ya fito. A nan ba a yi."

Ranau ya dafa bakansa ya rantse.

Kwana biyu gwanki bai fito ba. A rana ta uku da azahar, Kumbo na dawowa daga rijiya ta hangi hayaƙi. Baƙon ya gaji da jira, ya buga ƙyastunsa a gefen ciyawa, yana zaton ɗan lungu kawai zai ƙona. Iska ta juya, wuta ta kama hurumin gaba ɗaya, ta nufo ruga. Maruƙa arba'in na ɗaure a dangwali, doguwar igiyar da ake jera su a kanta, ba su da halin gudu. Gidado ya kutsa cikin hayaƙin yana kwance su. Goma sha ɗaya suka fito. Shi bai fito ba.

Da wuta ta lafa, Kumbo ta bi sawun baƙonta. A bayan shinge ta tarar da ƙahonin gwanki da kayan ciki a zube. Ashe bai gudu a firgice ba. Sai da ya tsaya ya feɗe namansa, sannan ya tafi.

Kafin ruwan farko ya sauka, yunwa ta kashe fiye da rabin garken. Ba wanda ya ga hawayen Kumbo. Ta naɗe abin da ya rage na ƙonannen dangwalin ta ɗaura a ƙugu. Da 'yan'uwan Gidado suka zo da takubba za su bi maharbin, sai ta tare su.

"Baƙona ne, ni na ba shi fura. Ku mayar da ƙarafanku. Takobi zai hutar da shi tun kafin ya gaji."

Magabata sun ce kowace safiya takan ɗebi tokar hurumin a tafin hannu, ta kira sunansa, ta hura. Tun daga nan ƙaurin ƙonannen gashi ya manne wa Ranau, wanka bai fitar da shi ba, turare bai rufe shi ba. Namun daji kan jiyo shi tun daga nesa su watse. Karnukansa suka bar shi. Labari kuma ya bi ruga ruga, cewa in mai ƙauri ya zo kada a miƙa masa ko ruwa.

Kumbo ba ta neme shi ba. A shekara ta biyar shi ya kawo kansa, a rame, ya durƙusa a bakin shingen.

"Inna, ki kashe ni ko ki sake ni."

"Sannu da zuwa, Kaɗo. Yaya gwankin? Ya yi daɗi?"

Ya kasa ɗaga kai.

"Miƙo ƙyastun."

Ya miƙa. Ta kwance dangwalin daga ƙugunta ta ɗaura a nasa, ta nuna masa filin, wanda har lokacin ko tsinke bai tsiro a cikinsa ba.

"Akwai gamba a bakin kogi, tafiyar rabin yini. Ka haƙo ta tushe tushe, ka ɗauko a ka, ka dasa, ka ba ta ruwa. Ranar da ta ɓoye mahayin raƙumi, ƙaurin zai bar ka."

Shekara goma sha bakwai Ranau ya yi yana wannan dashe. Kullum Kumbo takan aje masa fura a waccan ƙwaryar ta farko, domin har yanzu baƙonta ne, amma ba ta ƙara ce masa uffan ba. Bayansa ya ranƙwafa, hannun da ya saba da tsarkiya ya koma kamar ɓawon itace. Rannan wani falke ya ratsa hurumin a kan raƙumi, ba a ga ko rawaninsa ba. A take ƙaurin ya ɗauke.

Kumbo, wadda ta riga ta tsufa, ta kwance igiyar da hannunta.

"Inna, kin yafe mini?"

"Na yafe maka ciyawa, na yafe maka maruƙa. Maganar Gidado kuwa, sai kun haɗu."

Da ya rasu, ta sa aka binne shi a wajen shinge.

Mutane suka yi ta zuwa saboda albarkar wannan ciyawa, makiyaya da masu saƙar zana, har wurin ya zama gari, aka kira shi Tungar Dashe. Har gobe akwai ƙwarya a rataye a ƙofar hurumin. Duk baƙon da ya zo, komai girmansa, dattijuwar gidan Kumbo ba za ta ba shi ruwa ba sai ta tambaye shi, "Baƙo, kana ɗauke da wuta?" In da ashana a aljihunsa, a ƙwaryar zai bar ta, sai ranar tafiyarsa a mayar masa.