Gizo da Rigar Ulu Mai Warin Garke

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata shekara Gizo ya gaji da gorin matarsa Ƙoƙi, ya ɓuya cikin dogon jirgin ruwa na wasu masu jan gemu da ake kira Baikin. Bai farga ba sai ga shi a ƙasarsu, inda sanyi ke daskarar da yawu tun bai kai ƙasa ba.

A can ba a san auduga ba, gashin tumaki ake kaɗawa a saƙa. Wata tsohuwar masaƙiya, Ragana, ta tsinci Gizo haƙoransa na kaɗawa. Ta ji tausayinsa, ta roƙi Tunkiya gashinta, ta saƙa masa riga mai kauri har ƙasa.

Gizo ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Inna, wannan ai warin garke take yi!"

Tunkiya ta ce, "Maiƙon jikina ne, baƙo. Shi ke hana ruwa shiga. Kada ka wanke shi, kada kuma ta ga ruwan zafi."

"Ji mini dabba! Ni da na tashi a unguwar marina za ki koya wa riga? A garinmu mai mutunci ba ya sa tufa sai an wanke ta, an buge ta tana ƙyalli."

Ya tafasa ruwa, ya cuɗa rigar da sabulu, ya ɗora ta kan gungume ya yi ta bugu. Da ta bushe sai ta tsaya masa a gwiwa.

Tunkiya ta ce, "Baƙo, rigarka ta gajarce."

"Haka ake yayi a birni."

Amma ƙyallin bai fito ba, sai ya sake. Riga ta koma cibiya.

Ragana ta riƙe baki. "Ɗan nan, ƙanƙara na tafe fa!"

"Inna, ku mutanen ƙauye ba ku san ado ba."

A karo na uku gogan naku ya ce ya gano dabara. Ya tsamo ta da ɗuminta, ya cusa jikinsa ciki wai don ta buɗe, ya zauna bakin murhu yana karkaɗa ƙafa. Riga na bushewa tana matsewa, tana bushewa tana matsewa, har ta zama ɗamara, ta shaƙe masa ƙugu tamau.

Ana haka ƙanƙara ta sauko. Gizo ya ruga garke idanu waje. "Yaya Tunkiya, don Allah ɗan gashi!"

"Yau ni ce Yaya? Dube ni, tsirara nake saboda kai. Sai baɗi."

Tsoro ya kama Gizo na gaske. Ya haye kusurwar ɗaki saman murhu, ya fara zaro zare daga cikinsa wai zai saƙa tasa rigar. Har yau yana can yana saƙa, ko hannu ɗaya bai haɗa ba, ƙugun kuma bai dawo ba.

To, kun ji. In kun je garin mutane suka ce kada a wanke, ku bar wankin, ko da ku ne sarakunan sabulu a gidanku.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya ja bargonsa.