Tabon da Ta Ara a Kafaɗar Doguwa

Akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe na sashen shari'a, 'yar gidan mutunci, wadda ƙawayenta ke kira Babi-Babi. Wani wasan kwaikwayo mai dogon zango ne ya ƙare a talabijin alhali masoyansa ba su ƙoshi ba, sai ta ɗauki mutanen cikinsa ta ci gaba da ƙaga musu rayuwa. Kowace Juma'a takan saki sabon babi a zauren masu karatu na waya, inda marubucin da ya tsallake mako ya yi asarar jama'arsa.

Jarrabawar fita ta matso. Ga littattafai jibge a gabanta, ga masu karatu sun sa ta gaba sai ta faɗa musu abin da ya ƙeƙashe zuciyar muguwar cikin wasan. Ta yi tunanin duniya, ba abin da ya zo mata.

Sai ta tuna da abokiyar ɗakinta, Doguwa, wadda ba ta taɓa yin guga da hannunta ba. Doguwa ta taɓa gaya mata dalili cikin hawaye. Tana ƙarama mahaifinta ya ɗauki dutsen guga da zafinsa zai manna wa mahaifiyarta, ita kuwa ta shiga tsakani. Dutsen ya sauka a kafaɗarta ta hagu, ya bar tabo mai kusurwa uku.

"Ko ƙannena ba su san asalin tabon nan ba," in ji Doguwa a ranar. "Ke ma don na ɗauke ki 'yar'uwa ne."

Babi-Babi ta kwashe labarin kaf ta ɗora wa muguwar a babin wannan Juma'ar. Ta sauya gari, ta sauya shekaru, amma ta bar tabon yadda yake, domin a ganinta ƙananan alamu ne ke ba labari rai. Ta manta cewa rabin masu karatunta 'yan gidan kwanan ɗalibai da take zaune ne, kuma kullum da ɗaurin ƙirji ake layin wanka.

Ranar Asabar da hantsi tana kan gado tana bita, sai ta jiyo muryar wata daga wajen famfo.

"Doguwa, in ara miki dutsen guga, ko na Baba ya ishe ki?"

Aka kwashe da dariya. Babi-Babi ta yunƙura za ta sauko.

Kafin ta sauko, ƙofa ta bugu da bango. Doguwa ta shigo da bokitin ƙarfe a hannu, ta mayar da ƙofa ta murza makulli.

"Ƙawata, tsaya ki ji. Ai ban sa sunanki ba."

"Kin kyauta, malama lauya. Sunan kika bar mini, uwata kika tuɓe a kasuwa."

Bokitin ya sami Babi-Babi a gefen kai. Ta faɗo daga gado, haƙorinta ya fasa mata leɓe, ta ji gishirin jini a bakinta. Doguwa ta damƙi gashinta ta ja ta a ƙasa har tsakiyar ɗaki, ta danne ƙirjinta da gwiwa tana kifa mata mari hagu da dama. Madubi ya faɗo ya tarwatse. Babi-Babi ta yi yaƙushi, ta yi cizo, amma kamar da bango take kokawa.

A waje 'yan mata na dukan ƙofa, wasu kuwa sun ɗaga wayoyi ta taga suna ɗauka.

"Da wanne kike rubutun?" Doguwa ta tambaya, muryarta a kwance kamar mai tambayar lokaci. "Da wannan?"

Ta fizgi hannunta na dama, ta cusa yatsun a bakin durowar ƙarfe, ta tura durowar da dukkan ƙarfinta. Ta jawo, ta sake turawa. Babi-Babi ta ji ƙarar ƙashi kafin ta ji zafinsa. Lokacin da masu gadi suka ɓalle ƙofa, sun tarar da ita a sume cikin fasassun gilasai, Doguwa na zaune a gefen gado.

Likita ya ɗaure hannun, ya ce ba zai riƙe alƙalami ba sai bayan watanni. Jarrabawa kuwa Litinin za a fara.

Mahaifiyar Babi-Babi, mace mai ilimi da kamun kai, ta iso asibiti a fusace tana maganar kotu. Sai aka miƙa mata babin ta karanta.

"Mama, sai an bi mini hakkina."

"Hakkinki na wajen hukumar makaranta, ba zan hana ba. Amma ba zan tsaya gaban alƙali a karanta wannan a ce ni na haifi mai rubuta shi ba. An ba ki amana, kin sayar da ita don tafin mutanen da ba su san fuskarki ba."

Hukuma ta kori Doguwa, karatun shekaru ya tafi a banza. Babi-Babi ta rasa jarrabawa, 'yan ajinta suka fita suka bar ta, yatsunta biyu kuma ba su ƙara miƙewa ba.

Da Juma'a ta zagayo, wayarta ta cika da saƙonni. Ta buɗe da hannun hagu, tana zaton jaje ne. Daga sama har ƙasa magana ɗaya ce: marubuciya, ina babinmu?

Darasi: Baiwar rubutu ba ta halatta wa kowa sirrin wani, kuma tafin jama'a ba ya ɗaure karaya. Wanda aka zalunta shi ma ya riƙe hannunsa, domin fushin sa'a guda ya cinye wa Doguwa wahalar shekaru. Iyaye, mu san abin da 'ya'yanmu ke rubutawa da sunan nishaɗi. Ku tura wa duk ɗalibin da kuke ƙauna, ko Allah zai sa wani ya tsira da mutuncinsa.