Sarauniyar da Waziri Ya Rantse Ba Zai Taɓa Ba

A zamanin da, an yi wani sarki mai son shaɗaranji, wata irin dara da fatake suka zo da ita daga gabas. Kowane ɓangare yana da sarki da sarauniya da manyan mayaƙa irin su dawaki da giwaye, sai dakaru takwas masu tafiya taku ɗaya-ɗaya. A al'adar wannan fada, idan dakare ya kai ƙarshen allo, tsayawa yake yi ba motsi, sai in an kashe sarauniyarsa ya gaje ta.

Wata rana sarki ya sa Jatau, tsohon masassaƙin fada, ya sassaƙo masa sababbin 'ya'yan wasa. Da aka kwance ƙunshin, sai ga sarauniya biyu a kowane ɓangare. Waziri ya ɗaga ɗaya sama, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yau sarauniya biyu, gobe sarki biyu. Tsohon nan saƙo yake aikawa." Sarki ya fusata, ya sa aka kwashe kayan aikin Jatau, aka ba shi kwana uku ya bar ƙasar.

To, Jatau yana da ɗa, Nomau, wanda bai daɗe da dawowa ba bayan shekara tara yana bin ayari. Shi ne ya ba uban shawarar ƙara sarauniya ta biyu, domin haka ya ga ana wasan a gabas. Da ya tarar da tsohon zaune a rumfa, hannuwansa a kan gwiwa babu abin riƙewa, sai ya ji kunya ta rufe shi.

Jatau ya ce, "Kai ka saba da hanya. Ni ko ƙofar gari ban taɓa wucewa ba."

"Ba za ka wuce ta ba, Baba."

Da hantsi Nomau ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, laifin nawa ne. A gabas, dakaren da ya ratsa allo da ransa nan take ake naɗa shi sarauniya, ko da ta farko tana nan. Ina roƙon wasa ɗaya da Waziri. A ajiye sarauniyoyin ƙarin nan a gefe, ba a tilasta wa kowa ya taɓa."

Waziri ya yi murmushi. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa cinye shi a gaban sarki ba. Ya ce, "Ɗan yawon duniya, ka je ka koyo ɓarna ka kawo mana tsaraba. Na rantse da rawanin sarki, hannuna ba zai taɓa wannan gunkin ba."

Sarki ya ce, "Idan ba mu ga amfaninta ba, ku tafi tare da ubanka."

Aka fara. Waziri gwani ne na gaske, tun da wuri ya cinye dawakin Nomau duka biyu, har gumi ya jiƙa wa saurayin riga. Amma Nomau ya yi ta tura wani farin dakare ta gefe, taku bayan taku, har ya kai ƙarshe. Ya ɗauko farar sarauniya ta biyu ya dasa.

Waziri ya ce, "Zaki, ka gani ko? Talaka ya hau gado!"

Sarki ya matso da shimfiɗarsa, ya ce, "Bar shi, muna kallo."

Sarauniyoyin biyu suka yi ta koron sarkin Waziri daga gida zuwa gida har suka matse shi a lungu. Ana cikin haka Nomau ya janye giwarsa daga inda take tsaro, kamar ya yi mantuwa. Hanya ta buɗe wa wani baƙin dakare. Waziri ya tura shi, ya sake turawa, sai ga shi a ƙarshen allo.

Kowa ya ga yadda abin yake: in dakaren ya tsaya bisa al'ada, taku ɗaya ya rage a kashe sarkin Waziri. In kuwa ya zama sarauniya, sarkin Nomau ne ba shi da mafita. Nomau ya sunkuyar da kai, don bai san wanne ya fi ƙarfi a ran mutumin ba, rantsuwa ko son nasara.

Waziri ya dubi allo, ya shafa gemu, ya gyara zama. Can sai hannunsa ya fita daga cikin babbar riga, ya cafko baƙar sarauniya, ya buga ta a kan allo, ya ce, "Sarkinka ya mutu!"

Nomau ya ce, "Ya mutu, ranka ya daɗe. Wa ya kashe shi?"

Sarki ya dubi sarauniyoyi huɗu a kan allo, ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Waziri, ka ci wasa, amma da abin da ka ce a kori mutum dominsa. Dakaren da ya sha wannan tafiya bai cancanci a bar shi tsaye ba. Daga yau haka za mu riƙa yi."

Ya kuma hukunta cewa kaffarar rantsuwar ita ce Waziri ya mayar da kayan aikin da kansa, a ƙafa. Kafin azahar sai ga shi a ƙofar rumfa, gizago a kafaɗa, ya yi sallama sau biyu. Jatau ya karɓi gizagon, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ce, "Shigo inuwa, ranka ya daɗe. Nomau, kawo wa baƙo ruwa."