Rigar Zuwa Gida

An yi wani mutum a zamanin da ya wuce, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, ana ce masa Tanimu. Bawan Allah ne marar hayaniya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, in ya zauna a taro ma sai an duba sosai kafin a san yana wurin. Shekarar da fari ya ƙone musu gero, sai ya ƙulle 'yan tsummokaransa ya bi motar shanu, ya ƙetare iyaka, ya sauka a wata ƙasa ta bakin teku inda ba a jin Hausa sai a zango.

To ku saurara, jama'a, ku ji abin da ya tarar.

Kafin ya taso an gaya masa abin da ɗan dako yake samu a tashar jiragen ruwa a yini guda, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Kuɗin haka suke. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a can kuɗi ba sa kwana a aljihu. Ranar da ya sauka ƙishirwa ta kama shi, ya ga wata mata da randa a bakin hanya, ya yi mata alama da hannu, ta ɗebo masa ya sha, ya yi godiya ya juya. Sai ta riƙe masa riga. Ya tsaya yana kallonta, bai san laifinsa ba, har wani Bahaushe mai wucewa ya ce masa, "Malam, biya za ka yi. Nan ruwa saye ake."

Ruwa saye, icen girki saye. Ganyen miya, wanda a gida mace kan miƙa hannu ta tsinko a jikin danga, can sai an ƙulla shi an sa masa farashi. In bayan gida ya matsa maka, akwai mai zama a ƙofa yana jiran nasa. Takardar zama kuwa, ba ka gama murnar samunta ba za a ce ta mutu, a sake wata. Ɗakin da ya samu a zango, tabarma ɗaya ta mutum biyu ce: mai gadin dare ya kwanta da rana, ɗan dako ya kwanta in ya taso, tabarmar ba ta taɓa hucewa. Tanimu ya yi haƙuri. Yana dako, yana salla, yana aika ɗan abin da ya rage wa mahaifiyarsa. Wani watan ya aika, wani watan babu.

Shugaban ɗakin nan wani tsoho ne, Baba Jatau, wanda ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta soma gauraya. A kusurwar da yake kwana akwai akwatin ƙarfe. Cikin akwatin akwai babbar riga ta shadda mai aiki a wuya, da hula, da takalmi sau-ciki, da agogon hannu wanda ya daɗe da tsayawa. 'Yan ɗakin ne suka yi karo-karo suka saya tun kafin zuwan Tanimu. Ba a sa su ranar Juma'a, ba a sa su ranar Salla. Duk wanda zai je ganin gida, shi ake ba. Garuruwansu daban-daban ne, don haka rigar ta shiga ƙauyuka da yawa, kuma a kowane ƙauye ta mutum ɗaya ce.

Da Tanimu ya tashi zuwa gida bayan 'yan shekaru, Baba Jatau ya buɗe akwatin.

Tanimu ya ce, "Baba, ni da rigata zan tafi."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan? In ka shiga gari da wannan, uwarka cewa za ta yi daga gidan yari ka fito. Kuma ba kai kaɗai za ka kunyata ba, yaro. Garuruwanmu kasuwa ɗaya suke ci. In aka gan ka haka, mu duka aka gani." Ya miƙa masa rigar. "Ƙa'ida ɗaya ce. Abin da ido ya gani a ɗakin nan, baki ba ya kai shi gida."

Tanimu ya ce, "In ba a tambaye ni ba, ba zan faɗa ba."

"In aka tambaye ka fa?"

"Allah Ya sa kada a tambaye ni."

'Yan ɗakin suka yi dariya. Shi kuwa ya karɓi rigar, don ya tuno fuskar mahaifiyarsa. Na ce muku bawan Allah ne, ban ce muku mala'ika ne ba.

Ya isa gida aka yi guɗa. Mahaifiyarsa ta shafa shaddar da bayan hannu, kamar tana tsoron kada ta ɓata ta. Mutanen da da ba sa amsa gaisuwarsa da kyau suka zo sannu da zuwa. Shi dai yana zaune cikin rigar kamar wanda aka zaunar a kan ƙaya.

Cikin masu zuwa akwai Ilu, ɗan gwaggonsa. Kun san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, taubasai ne, abokan wasa tun suna yara. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ilu ya shigo yana cewa, "Ina bawan nan nawa da ya gudu? Ashe ka yi ƙiba a wuya. Kawo agogon in riƙe maka, bawa ba ya sanin lokaci."

Tanimu ya ce, "Zauna a ƙasa tukuna, ka gai da ubangidanka."

Aka yi dariya, aka ci abinci. Da mutane suka ragu sai Ilu ya matso. Shi Ilu yana da fadama da ya gada daga mahaifinsa, mai rake da albasa da rijiya a tsakiya. Ita ce gonar da fari bai kashe ba, ita ce take ciyar da shi da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa, Gwaggo Tabawa. Ilu ya ce, "Fadamata zan sayar, na gama magana da mai saye. Ranar Juma'a bayan an sauko za a tara shaidu. Tare za mu koma. Gaya mini, gaskiya ne abin da ake cewa ana samu a yini?"

Kun ji, an tambaye shi.

Tanimu ya ce, "Gaskiya ne. Amma ba ya isa, Ilu. Can ko ruwan sha saye ake. Rigar nan ma ba tawa ba ce."

Ilu ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Taubashi ke nan. Kana cikin shadda kana ba ni labarin yunwa?"

"Wallahi da gaske nake."

"Rantsuwar taubashi ai ba ta da kaffara."

Ga inda abin ya tsaya. Da wani ne ya faɗa, da watakila Ilu ya tsaya ya yi tunani. Amma bakin da ya shekara talatin yana zolayarka, ranar da ya zo da gaskiya ba ka gane muryarsa. Tanimu ya bi shi gona ya faɗa, ya tare shi a hanyar masallaci ya faɗa. Duk lokacin da ya faɗa sai Ilu ya ƙara dariya, har ya riƙa ba mutane labari: wai bawansa yana tsoron ya je ya fi shi.

Ana gobe Juma'a Gwaggo Tabawa ta aika a kira shi. Ta ce, "Ɗana, fadamar nan ubansa ya haƙa rijiyarta da hannunsa. Raina ba ya so, amma da na gan ka sai hankalina ya kwanta. Ga amanar ɗan'uwanka nan. Yadda Allah Ya rufa maka asiri a can, shi ma ka ja shi."

Da na gan ka, ta ce. Tanimu ya fito ya san cewa ba Ilu ne zai sayar da fadamar nan ba. Rigar da ke jikinsa ce za ta sayar da ita.

Ranar Juma'a aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, ƙarƙashin darbejiya. Ga mai saye, ga liman, ga shaidu, ga goro da faranti cike da gyaɗa soyayya. Kafin a soma, Tanimu ya nemi izini ya yi magana. Mai unguwa ya ce bismilla, don mai shadda ba a hana shi magana.

Tanimu ya miƙe tsaye. Ya cire hula ya ajiye. Ya kwance agogo. Ya tuɓe takalmi. Sannan ya cire rigar, ya ninke ta a hankali, don amana ce, ya ɗora a kan tabarma. Ya tsaya daga shi sai singileti mai faci. Kafaɗunsa duk kanta, baƙi ƙirin, irin ta bayan jakin da ya daɗe yana ɗaukar mangala.

Ya ce, "Ilu, yau ba wasa a bakina. Kayan nan na mutum da yawa ne, aro aka ba ni. Wannan," ya taɓa kafaɗarsa, "shi ne nawa."

Ya jawo farantin gyaɗar. "A ce wannan shi ne abin da nake samu a wata. Da yawa, ko?" Ya kamfato kusan rabi ya zuba a gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, kai ne mai ɗaki. Ci." Ya ɗebi wani ya ba liman. "Allah gafarta Malam, kai ne mai ruwa da ice." Mutane suka soma murmushi. Ya ba wannan, ya ce kai ne mai abinci. Ya ba mai sayen fadamar ma, ya ce kai ne mai takardar zama, kai ba a yi maka musu. Wani tsoho a gefe ya miƙo hannu ya ce, "Ni fa?" Tanimu ya ce, "Kai ne zazzaɓi, Baba. Ba kullum kake zuwa ba, amma in ka zo ba ka rage komai." Ya zuba masa. A nan dariyar ta tsaya. Ya karkata farantin, 'yan ƙwayoyi suka gangaro tafin hannunsa. "Wannan shi nake aiko wa tsohuwata."

Ilu ya miƙe, fuskarsa ta canza. Yanzu ya yarda ba wasa ba ne, sai ya koma ga abin da ya fi sauƙin yarda. Ya ce, "Hassada ce. Kai ka shiga, ka rufe wa wasu ƙofa."

Tanimu ya ce, "Ban ce kada ka je ba. Neman halal ba laifi ba ne, akwai waɗanda suka je suka dace. Cewa na yi kada ka sayar. Ka sare raken bana ka yi kuɗin mota, ka biyo ni cin rani. Tabarmata rabi naka, kwanona rabi naka. In ruwa ya kusa sauka kana nan a kan bakanka, ni zan zama shaidan farko."

Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Daga nan mai unguwa ya ce a ɗaga cinikin sai gaban damina. Mai saye ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ko sallama babu.

Kada ku zaci an yi wa Tanimu tafi. Mahaifiyarsa ta daina fita rijiya na wani lokaci saboda bakin mata. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Da ka bari sai ka tafi." A gari aka laƙaba masa Mai Rigar Aro, sunan ya bi shi har tsufa. Labari kuwa ya bi kasuwa ya riga shi isa zango. Da ya miƙa kayan, Baba Jatau ya warware rigar ya duba, ya mayar akwati ya kulle.

Ya ce, "An tambaye ka?"

"An tambaye ni, Baba."

"To. Kai da akwatin nan har abada."

Wasu 'yan ɗakin suka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Bai yi musu da kowa ba.

Ilu ya biyo shi. Ya ɗauki buhu, ya karɓi kuɗin da aka ce ana samu, ya ga yadda suke bin iska kafin magariba. Tanimu ya raba tabarma da shi, ya raba kwano da shi, shi kansa ya rame a ranin nan, bai kuma taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Tun hadari bai soma haɗuwa ba Ilu ya ƙulle kayansa. Bai ba da haƙuri ba, taubashi ba ya ba da haƙuri. A tasha dai ya ce, "Bawana, ka riƙe garinka. Albasata na jirana." Fadamar nan ba a sayar da ita ba. A cikinta ya aurar da 'ya'yansa, a cikinta jikokinsa suka koyi riƙon fartanya.

Kada kuma ku tambaye ni ko Tanimu ya yi arziki daga baya. Ban ji haka ba. Ɗan dako ya rayu, har ƙarfinsa ya ƙare ya dawo gida. Ladansa yana wurin Wanda ba Ya manta komai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Ƙarya ba sai da baki ake yinta ba. Tufafi na yin ƙarya, shiru na yin ƙarya. Wanda ya faɗa maka abin da ake samu bai faɗa maka abin da ake kashewa ba, rabin magana ya ba ka, kuma rabin maganar nan ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Yau kusan kowane gida a cikinmu yana da wani a wata ƙasa. Kai da kake can, ka jingina da motar da ba taka ba ka ɗauki hoto ka turo, ka sani akwai wanda yake kallon hoton nan yana lissafin filin gadonsa. Ke da kika matsa wa ɗanki sai ya dawo da abin nuna wa maƙwabta, ki sani ke kike tura shi aro. Mai shirin tafiya kuma, in ka tambayi albashi, ka tambayi haya, ka tambayi magani, ka tambayi wurin kwana, kuma in an gaya maka kada ka kira mai gaya maka mahassadi. In ɗan'uwanka ya nemi shawararka a kan abin da zai jingina rayuwarsa da shi, ka faɗa masa duka, ko da faɗin zai tuɓe ka a gaban jama'a. Kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan ka tsaya gaban Allah da gonar wani a wuyanka.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da take da tsada, Ya kuma ba mu kunnen jinta ko daga bakin wa ta fito.