Mutumin da Ya Zuba wa Injinsa Man Gyaɗa

Akwai wani mutum, sana'arsa yankan ciyawa a gidajen mutane. Tun yana saurayi yake sunkuye da lauje, har ƙugunsa ya lalace. In ya sunkuya da safe, miƙewa sai ya dafa bango.

Cikin gidajen da yake yi wa aiki akwai na wani dattijo mai tausayi. Da dattijon ya tashi komawa garinsu, sai ya kira shi ya ba shi injin yankan ciyawa kyauta. Ya nuna masa inda ake zuba fetur, da igiyar da ake ja inji ya tashi. Sa'an nan ya nuna masa wani ƙaramin murfi, ya ce, “Nan baƙin mai ake zubawa. Kada ka ba shi wani mai dabam, ko da wa ya ce maka ya fi kyau.”

Mutumin nan ya ƙaunaci injin, har abin ya zama abin tsokana a unguwa. Yakan goge shi kafin ya wanke fuskarsa. In hadari ya taso, shi yake fara shigarwa ɗaki, awaki su ji da kansu. Ba laifinsa ba ne. Injin ne ya miƙar masa da baya, shi ne kuma tuwon gidansa.

Da lokacin canjin mai ya yi, ya juye tsohon a kwano, ya ga ya fito baƙi ƙirin, yana wari. Ransa ya ɓaci. A gefe kuwa matarsa tana matsar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa yana tsiyaya garau, ƙanshi ya cika gidan. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, “Abin da ya raba ni da lauje ne zan riƙa ɗura wa wannan ƙazanta? Abin da nake ci shi zai ci.”

Matar ta ce, “Maigida, ba haka mai abin ya faɗa maka ba.”

Ya ce, “Shi bai san irin manki ba ne.”

Ya cika shi da man gyaɗa, ya ja igiya. Inji ya tashi, ya yi aikinsa lafiya lau. Duk inda ya bi, sai ka ce suyar ƙosai ake yi, masu gida suna dariya, shi ma yana dariya, yana yabon dabararsa. Bai san man yana dahuwa a ciki ba, yana zama danƙo, yana toshe hanyoyin da idonsa ba ya gani.

Ana tsakiyar damina, ciyawa ta kai gwiwa, kowane gida na nemansa. Yana cikin aiki sai injin ya yi tari, ya yi wata ƙara, ya yi shiru. Ya ja igiya, ta ƙi jawuwa. Ya tura shi har wurin bakanike. Bakaniken ya kwance, ya lakato danƙon da yatsa, ya girgiza kai.

Ya ce, “Baba, wannan ya buga. Ba na gyara ba ne kuma.”

Mutumin ya ce, “Ɗana, mai kyau fa na ba shi. Wanda ya fi kyau a gidana.”

Bakaniken ya ce, “Mai kyau ne, Baba. Ba nasa ba ne.”

Ya koma gida ya ɗauko lauje, amma ƙugun ya ƙi. Gidajen suka nemi wani. Har ruwa ya ɗauke yana zaune a ƙofar gida, ciyawa tana cinye masa tsakar gida, ba shi da ikon yanke ta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Injin nan zuciyarka ce, dattijon da ya bayar kuwa Ubangiji ne. Shi ya yi ta, shi ya san abin da ke riƙe ta: Maganarsa da Ruhunsa Mai Tsarki. Man gyaɗa ba guba ba ne, kuma abin da ke sa ni baƙin ciki ke nan. Mutumin nan ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa shi, sai dai ƙauna marar biyayya. Haka muke. Muna cika zuciya da waƙar kawaya, da kwamiti, da ankon zumunta, da yabon da ake yi mana a ƙofar majami'a. Duk masu kyau ne, amma ba su ne aka ce mu zuba ba. Kuma ba a ranar farko take mutuwa ba. Tana tashi, tana aiki, sai ka ɗauka Allah ya yarda.

Ubangiji yana ba da sabuwar zuciya ga wanda ya roƙa, na gaskata wannan. Amma wanda tasa ke aiki ba ya roƙo, kuma yawancinku za ku fita daga nan kuna tunanin da maƙwabcinku nake. Na sha zama a bakin gadon dattawan da suka yi furfura cikin hidimar ikkilisiya. Na riƙe hannun ɗaya na ce, “Baba, yi wa Ubangijinka magana.” Ya dube ni ya ce, “Fasto, me zan ce masa? Ban san shi ba.”